Tsohon Sonic da Sabo a Gem Ɗaya: Me Sonic Generations Ya Dawo da Shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina yaro na buga Sonic na Sega mai kaset, har yau yana raina. Yarona yana buga na zamani a gabana, ni kuwa ban gane kansa ba, gudu ne kawai kamar ba kowa ke riƙe da hannun ba. An ce min akwai wani mai suna Sonic Generations da ya haɗa tsohon salo da sabo. Da gaske tsohon aka dawo da shi, ko kamanninsa kawai? Ya cancanci in saya mu riƙa bugawa tare?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ya cancanci ka saya. Amma ka shiga da sanin cewa tsohon Sonic ɗin da ke cikinsa ya ɗauko kama da kiɗa da tsarin hanyoyi na wanda ka sani, sai dai bai ɗauko nauyin jikinsa ba. Yatsunka za su faɗa maka haka tun a gangarar farko. Rabin da ya fi kyau a gem ɗin shi ne na zamani, wato wanda kake ganin gudu ne kawai, kuma ina fata kafin ka gama karanta wannan amsa za ka sassauta masa hukunci.

Kamfanin Sega ya fitar da Sonic Generations a watan Nuwamba na 2011 a kan PlayStation 3 da Xbox 360 da kwamfuta, don bikin cikar Sonic shekara 20, tunda na farkon ya fito ne a 1991 a kan Mega Drive, wato Sega mai kaset ɗin nan. Sashen Sonic Team ne ya yi aikin, Takashi Iizuka na jagorantarsa. Suka zaɓo filaye tara daga tarihin wasan, suka kasa su zamani uku. Daga zamanin kaset akwai Green Hill na 1991, da Chemical Plant na 1992, da Sky Sanctuary na 1994. Daga zamani na tsakiya akwai Speed Highway da City Escape da Seaside Hill. Daga na baya-bayan nan kuma Crisis City da Rooftop Run da Planet Wisp. Kowane fili an gina shi sau biyu. Zango na ɗaya na ɗan gajeren Sonic ne mai tumbi da baƙaƙen idanu, wanda ba ya magana, ana kallonsa daga gefe kamar yadda ka saba. Zango na biyu na dogon ne mai korayen idanu, kyamara tana bin bayansa, wani lokaci ta juyo gefe. Ba za ka wuce gaba ba sai ka gama duka biyun.

Kafin in faɗi abin da ya ɓace, sai mun fahimci abin da ya sa na kaset ya zauna a zukatan mutane, domin da yawa suna cewa gudu ne, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Sonic na 1991 idan ka danna gaba a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a hankali yake ɗaukar gudu, kuma akwai iyakar da ƙafarsa ba ta wucewa: ɗigo shida na allo a kowane hoto cikin jerin hotunan da na'urar ke nunawa a daƙiƙa, a allon da faɗinsa ɗigo 320 ne. Wannan ba wani gudun a zo a gani ba ne. Gudun da kake tunawa, wanda allo ke kasa bin sa, ƙasa ce ke ba shi. Yuji Naka, wanda ya rubuta lissafin motsin, ya sa na'urar tana duba karkatar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar Sonic a kowane hoto, ta ƙara masa gudu idan gangara ce, ta rage idan hawa ne. Idan ka danna ƙasa ya dunƙule, ƙarfin da gangara ke ja da shi yana ninka na mai gudu da ƙafa sau biyu da rabi, a hawa kuma jan bayan yana raguwa. Shi ya sa ƙwararre yake dunƙulewa a bakin gangara, ya miƙe idan ya iso shimfiɗa. Kamar mai keke ne da ya san hanyar unguwarsu: ya san inda zai saki feda gangara ta ɗauke shi, ya san kuma gudun da ya tara a nan shi zai haurar da shi tudun da ke gaba.

Akwai kuma tsalle. Tsohon Sonic ba ya yin sama kai tsaye, yana tashi ne daidai da fuskar ƙasar da yake kai. Idan ka yi tsalle a tsakiyar hawa kana da gudu, sai ya cilla can sama, ya kai ka wani dandamali da ba ka taɓa sanin yana nan ba. A kan wannan Hirokazu Yasuhara ya tsara filayen hawa-hawa: hanyar sama mai sauri da lada amma mai wuyar riƙewa, ta tsakiya, da ta ƙasa mai ƙayoyin ƙarfe da ruwa da jinkiri. Idan ka yi kuskure a sama ba ka mutu ba, ka dai faɗo ƙasa ka sha wahala. Zobban nan da Sonic ke tsinta a hanya ma dalilinsu ke nan. Mai gudu irin wannan ba zai ga abokin gaba da wuri ba, don haka aka ba shi afuwa: muddin kana da zobe ko ɗaya ne, bugu ba zai kashe ka ba, za su dai warwatse ka bi ka tsince. Duk wannan tsari an gina shi ne a kan abu ɗaya, cewa gudu lada ne da kake samu da sanin hanya.

Wani abu da zai iya shafar tunaninka: idan na'urar da ka buga a kanta irin ta Turai ce, mai tafiya da hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60, to Sonic na farko da ka sani ya fi na Japan da Amurka jinkiri da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗansa ma a sanyaye yake. Don haka kada ka yi mamaki idan ka ji komai na yanzu yana gaggawa.

To me Generations ya yi da wannan gado? Ya riƙe tsarin hawa uku, kuma ya riƙe shi da kyau ƙwarai. Green Hill da Sky Sanctuary na zango na ɗaya cike suke da hanyoyi masu rabuwa su sake haɗuwa, kuma a kowane zango an ɓoye jajayen zobba biyar masu tauraro waɗanda ba za ka tara su a tafiya ɗaya ba, dole ka dawo ta wata hanyar. Amma lissafin gangarar bai zo daidai ba. An gina gem ɗin ne a kan injin da aka ƙera don Sonic Unleashed na 2008, injin da aka yi don Sonic mai gudun jirgi. Idan ka dunƙule a gangara, ƙarin gudun da kake jira ba ya zuwa yadda ya kamata, wani lokaci ma gara ka ci gaba da ƙafa. Masu ginin sun san da haka, sai suka cike giɓin ta hanya biyu. Suka zuba faranta masu harba mutum gaba da sifirin a wuraren da a da gangara ce za ta yi aikin. Sannan suka ƙara wa Spin Dash ƙarfi fiye da kima, wato dabarar nan da ta fara a Sonic 2 inda kake tsayawa ka dunƙule ka tara ƙarfi ka saki. A Generations maɓalli ɗaya ma ya isa ka yi ta, kuma idan ka cika ta tana harba ka nesa sosai. Sakamakon haka, abin da a da sai ka karanci ƙasa kafin ka samu, yanzu tsayawa za ka yi ka danna. Wannan shi ne babban abin da ya ɓace, kuma ni a wurina ba ƙaramar asara ba ce, domin shi ne ruhin tsohon salon. Duk da haka wasan yana da daɗi, tsallensa yana da tsafta, kuma ya fi Sonic 4 na 2010 nesa ba kusa ba, wanda a cikinsa Sonic kan tsaya cik da zarar ka saki maɓalli, har ya iya tsayawa a jikin bango.

Yanzu ga salon yaronka. Gaskiyarka, daga nesa kamar gem ɗin ne ke buga kansa. Dalili shi ne an juya tsarin ne gaba ɗaya. A nan gudu kyauta ne: akwai maɓallin Boost, wanda ya fara a Sonic Rush na 2005 kafin Unleashed ya kawo shi fili mai zurfi, wato inda kyamara ke bin bayan Sonic, kana danna shi Sonic ya kai ƙarshen gudunsa nan take, yana ture duk abin da ya tare shi. Akwai ma'auni a gefen allo da ke raguwa, zobba da abokan gaba ne ke cika shi. Aikin mai wasa shi ne ya hana gudun nan yankewa. Hanya takan rabu ba tare da sanarwa ba, kuma wadda ta fi kyau tana buƙatar ka yi tsalle a daidai wani taki, ko ka zame ta ƙarƙashin shinge, ko ka goce hagu ko dama da maɓallan kafaɗar hannu, ko ka ja birki a kwana ba tare da ka daki bango ba. Akwai kuma Homing Attack, inda idan kana sama ka sake danna tsalle Sonic ya nufi abokin gaba mafi kusa. An ƙirƙiro wannan ne saboda a fili mai zurfi yana da wuya ido ya auna inda ƙafa za ta sauka, sai aka mayar da abokan gaba tamkar matakala, kana bin su ɗaya bayan ɗaya ka haye rami.

Kowa zai iya kai ƙarshen zango na biyu yana karo da bango yana tashi. Amma ka sa yaronka ya nuna maka tafiyar da yake neman sakamakon S, maki mafi girma, wanda ba a samunsa sai an gama da sauri kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ka bar kallon allo ka kalli yatsunsa. Za ka ga a cikin daƙiƙa goma ya yanke shawara ta fi biyar, kuma ya haddace filin ne kamar yadda ka haddace Chemical Plant a lokacinka. Ƙwarewar tana nan, wurin zamanta ne ya sauya.

Abin da ya sa nake girmama Generations shi ne masu shi sun gane cewa waɗannan salo biyu ba sa zama a jiki ɗaya. Idan ka ba tsohon Sonic maɓallin Boost, gangara ta tashi daga aiki. Idan ka ƙwace shi daga na zamani, dogayen titunansa sun zama fanko. Sai suka raba su, kowa da dokarsa, suka bar filin ya zama mahaɗarsu. Wannan ya bambanta da abin da Nintendo ta yi daga baya a Super Mario Odyssey na 2017, inda Mario kan shiga bututu ya koma ɗan hoton 1985 a jikin bango na ɗan lokaci ya fito. Can ɗanɗano ne kawai. A nan kuwa rabin gem ɗin sukutum aka ba tsohon salo. Ina kuma ganin akwai lissafin kuɗi a ciki. Sonic mai Boost yana cinye fili mai tsawon gaske cikin minti uku ko huɗu, filin da masu zane suka daɗe suna ginawa. A Unleashed an cike lokacin da wani Sonic mai kama da kyarkeci da ke dambe da dare, mutane da yawa kuma ba su so shi ba. A Generations tsohon Sonic ne ya cike wannan gurbi, da kayan ginin da aka riga aka zana, kuma wannan karon abin da aka cike da shi abu ne da mutane ke marmari.

Inda haɗin ya fi armashi shi ne inda aka kai kowanne filin da bai taɓa takawa ba. Ɗauki City Escape, wanda asalinsa daga Sonic Adventure 2 na 2001 ne, birni mai tituna masu gangara da aka kwaikwayo daga San Francisco. A asali wata ƙatuwar motar sojoji ce ke biyo Sonic a ƙarshen fili. A zangon na zamani an ƙara mata zarto masu juyawa da roka, tana biyo ka kana fuskantar kyamara, har ta bi ka a jikin bangon bene. Abin kallo ne, amma aikinka kaɗan ne: ka riƙe Boost, ka goce wa zarto. A zangon tsohon Sonic kuwa motar ta zama wani abu dabam. Tana yawo a bayan fage, ta ɓace, ta ɓullo daga gefe, tana rushe katakan gini da kake takawa. Idan ka yi sauri ka riga ta, hanyar sama tana nan ka bi. Idan ka yi nawa ta rushe ta, sai ka bi ƙasa. Ka ga an ɗauko abin da aka yi don burge ido an mayar da shi cikin tsohuwar dokar nan ta hawa uku. Wanda ya tsara wannan zango ya san tsohon Sonic ciki da waje.

Crisis City ma haka. Ya fito ne daga Sonic na 2006, gem ɗin da aka fitar bai nuna ba, wanda ya zubar wa sunan Sonic mutunci shekaru. Birni ne da wuta ta cinye, ga narkakken dutse a ƙasa, ga guguwar wuta tana jifa da motoci. Mutane da yawa sun yi mamakin ganinsa a jerin, amma sai ya zama cikin mafi kyau. A zango na ɗaya, kana isowa allon ƙarshe, wanda tun 1991 taɓa shi ke nufin an gama, sai guguwar ta fizge shi ta tafi da shi. Dole ka bi shi kana tsalle a kan tarkacen da iska ke ɗauke da su. Yaronka zai ga wannan a matsayin ƙarin wahala kawai. Kai da ka taɓa allon nan ba adadi, kai aka yi wa wannan.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ka jira ka ga Chemical Plant ta bayan Sonic. Shuɗɗan bututun nan da ruwan hoda mai tasowa da ya sha nutsar da mu, yanzu za ka ga zurfinsu da tsayinsu, kana gudu a kan ruwan idan Boost bai yanke ba, kana nitsewa idan ya yanke.

Aibobinsa ba ɓoyayyu ba ne. Labarin ba shi da nauyi: wata halitta mai suna Time Eater ta tarwatsa walimar zagayowar ranar haihuwar Sonic, ta watsa abokansa cikin zamani daban-daban, Eggman, babban abokin gaban Sonic, na da da na yanzu ne a bayanta. Faɗan ƙarshe da ita rikitacce ne, ba ka gane abin da ake so ka yi, abokai kuma suna ta surutu a kunnenka. Planet Wisp, fili na tara, ya yi tsawo har ya gundura, musamman a zangon tsohon Sonic inda aka ɗora masa wata dabarar manne wa bango da ba ta dace da shi ba. Akwai ƙananan gwaje-gwaje 90, goma a kowane fili, wasu masu kyau, wasu cikon benci, kuma dole ka yi kaɗan daga ciki kafin a ba ka makullan bos, wato babban abokin gaban da ke ƙarshen kowane zamani. Gem ɗin gajere ne, mai naci zai ga ƙarshensa a yini ɗaya. Darajarsa tana cikin maimaitawa. Sannan cikin filaye tara, uku kacal ne daga zamaninka, kuma birane sun yi yawa a sauran.

Sega ta sake gwada wannan haɗi a Sonic Forces na 2017, ba ta dace ba. Tsohon Sonic na can ya fi na Generations nauyin tsalle da rashin ma'ana, filayen kuma gajeru ne miƙaƙƙu. Ban ba ka shawarar sa ba. Amma a 2017 ɗin dai aka fitar da Sonic Mania, wanda Christian Whitehead da wasu masoya wasan da suka daɗe suna nazarin lissafin Mega Drive suka gina da izinin Sega. Idan abin da kake nema shi ne ainihin nauyin nan da gangara da tsallen da na bayyana a sama, Mania ne ya dawo da su daidai, ba Generations ba.

Game da wanda za ka saya: a watan Oktoba na 2024 an sake fitar da gem ɗin da sunan Sonic X Shadow Generations, a kan PlayStation 4 da 5, da Xbox, da Nintendo Switch, da kwamfuta. Ya ƙunshi tsohon Generations da aka gyara wa hoto, da wani sabon wasa na Shadow, baƙar bushiyar nan kishiyar Sonic, wanda salon zamani ne zalla, kuma yaronka zai so shi. An kuma ƙara wa tsohon Sonic dabarar Drop Dash da aka aro daga Mania, inda kake riƙe maɓallin tsalle a sama ya sauka a dunƙule da gudu, abin da ya rage yawan tsayawa. A fitowar 2011, na PlayStation 3 da Xbox 360 suna tafiya ne da hoto 30 a daƙiƙa, na kwamfuta kuma 60, kuma a wasa mai sauri haka bambancin a yatsa ake jin sa. Idan kana da zaɓi, nemi inda zai ba ka 60. Idan a laftof za ku buga, ku sayi hannu, domin madannan kwamfuta ba sa yi wa zango na biyu adalci. Ka kula kuma da na Nintendo 3DS: sunan ɗaya ne amma wani gem ne dabam, Green Hill kaɗai suka haɗa, kuma duka Sonic biyun daga gefe ake kallonsu, don haka bambancin da muke magana a kai ya dushe.

Sai batun bugawa tare, wanda ya kamata ka sani kafin ka fitar da kuɗi. Generations na mutum ɗaya ne, ba a haɗa hannu biyu a cikinsa. Abin da za ku yi shi ne karɓa-karɓa, kuma tsarinsa ya dace da hakan: kai ka ɗauki zango na ɗaya, shi ya ɗauki na biyu, maɓalli ɗaya ne ke sauya Sonic ɗin a farin filin da ake zaɓar mataki. Idan kun gama zamani na farko ku yi musaya, ka karɓi Green Hill na zamani, inda hanya take da faɗi kuma ramuka kaɗan ne, ka fara bin sa ba tare da Boost ba har ka ga inda hanyoyi ke rabuwa, sannan ka ƙara gudu. Idan kuma so kake ku riƙe hannu biyu a lokaci ɗaya, Mania yana ba na biyu damar jan Tails, abokin Sonic mai wutsiya biyu, kamar yadda ake yi a Sonic 2, kuma yana da tseren mutum biyu a allo da aka raba.